Shigar da Banɗaki Cikin Ɗakin Kwana: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Fasa Bango

Gabatarwa

A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, kowane wuri da mazauninsa. Zaure yana bakin ƙofa, turaka da ɗakunan mata suna daga ciki, rijiya tana tsakar gida, makewayi kuwa can ƙurya ake kai shi. Sunayensa ma sun nuna haka, domin ana ce masa bayan gida, ko banɗaki, wato bayan ɗaki, ko kuma makewayi, saboda mai zuwa can sai ya kewaya. Magabata ba su karanta ilmin ƙwayoyin cuta ba, amma tsarin nasu ya raba ruwan wanka da bangon da ake kwana a jikinsa, ya kuma nisanta masai daga wurin ci da sha.

A 'yan shekarun nan al'amarin yana sauyawa. A Ƙaraye da Rogo da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Yammedi da Zarewa da Fulatan, ba sabon abu ba ne mai gida ya kira birkila ya ce a fitar masa da banɗaki a cikin ɗaki. Dalilan kuwa masu ƙarfi ne. Akwai tsoho ko majinyaci wanda ratsa tsakar gida cikin dare yake yi wa wuya. Akwai mai jego. Akwai fitar tsakar dare da damina, lokacin da ƙasa ke santsi, kunama da maciji kuma suna yawo. Ga kuma bukatar sirri a gidan da jama'a suka yi yawa.

Sai dai duk wanda ya shigar da banɗaki cikin ɗaki ya shigar da ruwa da najasa da iskar da ke tashi daga gare ta wurin da ake barci. Idan aka yi aikin da ka, sakamakon yakan zo a makare: bango ya yi ta shan ruwa a ɓoye har ya zube a watan Agusta, ko rijiyar gida ta gurɓata ba wanda ya sani sai yara sun fara gudawa. Wannan maƙala za ta bi ruwan tun daga bokitin mai wanka har zuwa inda yake ƙarewa a ƙarƙashin ƙasa, tana bayyana abin da ke faruwa a kowane zango da kuma dalilinsa.

Zaɓen Wuri

Ɗakin da aka fi ginawa a wannan yanki shi ne mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Ƙafa 12 ta yi mita 3.66, don haka filin ɗakin ya kai murabba'in mita 13.4. Banɗakin da zai ɗauki masai da wurin wanka ba tare da ƙunci ba yana bukatar kimanin mita 1.5 a mita 2, wato murabba'in mita 3. Idan aka haɗa da kaurin sabon bangon da za a ja, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ya tafi. Saboda haka, in dai akwai fili a bayan ɗaki, ya fi kyau a gina banɗakin daga waje a jikin bango, sannan a fasa ƙofa ta ciki. Yin haka yana barin ɗakin da girmansa, yana ba banɗakin damar samun taga, kuma bututun ruwa zai fita kai tsaye ba sai ya bi ta ƙarƙashin daɓen da ake kwana a kai ba.

Fasa ƙofa a tsohon bango aiki ne da ke bukatar lura. Nauyin rufi yana saukowa ne ta bango zuwa harsashi. Idan aka cire wani yanki na bangon, dole a samar wa nauyin wata hanya, kuma wannan shi ne aikin linta, wadda ake zubawa da kankare da rodi a saman ƙofa, kowane gefenta yana hawa bango da aƙalla santimita 15. A soron ƙasa sai an fara duba bangon da azara ta ɗora kai, domin shi ne mai ɗauke da rufin, kuma a tokare rufin kafin a sa diga. Haka nan ba a ɗora tankin ruwa a kan soro ko bangon ƙasa. Lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1, ke nan tanki mai lita 1,000 ya kai tan guda, nauyin buhun siminti 20. Tanki yana bukatar nasa ginshiƙin daban.

Abu biyu kuma suna shiga cikin zaɓen wuri. Na farko alƙibla, wadda a ƙasar Kano take gabas, ta ɗan karkata arewa. Magina sun saba juya masai ya dubi kudu ko arewa domin kada mai biyan bukata ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma wannan abu ne da ake yanke wa shawara tun kafin a shimfiɗa bututu. Na biyu rijiya, ta gida da ta maƙwabta, wadda bayaninta yana nan tafe.

Yadda Ruwa Ke Hawa Bango

Kowa ya san ruwa gangare yake bi, amma akwai yanayin da yake hawa sama da kansa. Lagwanin fitila misali ne: gindinsa yana cikin kananzir, amma man yana hawa har inda wuta take. Dalili shi ne tsakanin zaren lagwanin akwai ƙananan kafofi, kuma ruwa yana manne wa jikin kafa yana jan sauran ruwan da ke bayansa. Gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan hawan. A cikin bututun gilashi mai faɗin milimita 1, ruwa yakan hau kimanin santimita 3. Idan faɗin ya ragu sau goma, hawan yakan kai santimita 30. Idan ya sake raguwa sau goma, lissafi ya nuna zai iya kai wa mita 3.

Tubali da bulon ƙasa da bulon siminti duk cike suke da irin waɗannan kafofi. Saboda haka bangon da gindinsa ke cikin danshi lagwani ne babba. Alamar farko ita ce duhun laima a gindin bango ta ɓangaren ɗaki, sai fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, sai kuma wani farin gari mai kama da kanwa ya fito. Wannan garin gishiri ne da ruwa ya narkar daga ƙasa da kayan gini, ya hau da shi, sannan ya bar shi a fuskar bango bayan ya bushe. Ƙwayoyin gishirin suna girma a cikin kafofin, suna tura filasta har ta saki.

A ginin siminti ɓarnar takan tsaya ga lalacewar filasta, da tsatsar rodi, da funfuna. A ginin ƙasa kuwa lamarin ya fi haka muni. Abin da ke riƙe bangon ƙasa shi ne yumɓun da ke cikinta, wanda ke ɗaure yashi da tsakuwa idan ya bushe. Da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi laushi, ƙarfin bangon ya ragu ƙwarai, kuma a gindi ne hakan ke faruwa, inda nauyin ginin duka yake sauka. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suke kuma sa indararo mai tsawo don ruwan rufi ya zuba nesa da gindin bango. Amma waɗannan dabaru an yi su ne don ruwan sama, wanda kan zo ya wuce, rana ta fito bango ya bushe. Ruwan banɗaki kuwa kullum ne, rani da damina.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, a manna tayil, a ce an gama. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, kuma ba sa motsi tare idan zafi ko laima suka sauya. Sannu a hankali filastar za ta tsage, ruwa ya shiga bayanta, ita kuma ta hana shi bushewa. Daga waje tayil yana ƙyalli, daga ciki bango ya zama taɓo. Hanyar da ta dace ita ce banɗakin ya samu nasa bangon na bulon siminti a kan nasa harsashin, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon ƙasa. A kan harsashin, kafin a ɗora layin farko na bulo, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta, domin ta yanke wa ruwa hanyar hawa.

Daɓe da Gangara

Ruwa ba ya shiga bango sai ya samu lokacin tsayawa. Don haka babbar kariya ita ce a hanzarta fitar da shi. Daɓen banɗaki ya kamata ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita 3 zuwa 5, sannan ya gangara zuwa magudana da kimanin santimita 2 a kowace mita. Magudanar ta kasance nesa da ƙofa, nesa kuma da bangon da ke tsakanin banɗaki da ɗaki.

Mutane da yawa suna zaton tayil shi ke tare ruwa. Jikin tayil ba ya shan ruwa sosai, amma layukan da ke tsakani suna sha, haka kuma kusurwar da daɓe ya haɗu da bango, da wurin da bututu ya huda. Ainihin kariyar tana ƙarƙashin tayil: kankare mai kyau a kan leda, da filasta mai ƙarfi, kwano 1 na siminti ga kwano 3 na yashi mai tsabta, haɗe da maganin hana shan ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini. A hau da wannan filasta bango har ta wuce tsawon mutum a wurin wanka, a kuma lanƙwasa ta a kusurwa don kada a bar tsaga. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa ya zama wani sabon abu mai tauri, kuma wannan haɗuwa tana ɗaukar kwanaki. Shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Aikin da aka yi cikin hunturu ko bazara ya fi bukatar wannan kulawa, saboda busasshiyar iska tana kwashe ruwan tun siminti bai gama aikinsa ba.

Kafin a manna tayil akwai gwaji mai sauƙi. A toshe magudana, a zuba ruwa ya kai santimita 3, a sa alama, a bar shi kwana guda. Idan ruwan ya ragu sosai, ko laima ta bayyana a bayan bango, to a gyara tun a nan. Tun ran gini, ran zane.

Ɗan Ruwan da Ke Tare Wari

Babban abin da ya sa magabata suka kai masai ƙurya shi ne wari da ƙuda. Abin da ya ba ɗan Adam damar dawo da shi kusa da gado wata 'yar dabara ce, wato lanƙwasa bututu. A shekarar 1775 wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashi. Duk lokacin da aka kora da ruwa, wani kaso na ruwan yakan tsaya a cikin gwiwar bututun ya cika ta. Najasa tana wucewa ta cikin wannan ruwa, amma iskar da ke rami ba ta iya dawowa ta ratsa shi. Zurfin ruwan a masai na zama bai wuce santimita 5 ba, a na tsuguno wanda ake kora da buta ko bokiti kuwa kimanin santimita 2 ne. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke tsakanin ɗakin kwana da ramin najasa.

Iskar da ake tarewa ba wari kaɗai gare ta ba. A cikinta akwai haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan rami. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari a hanci, sai mutum ya zaci ta tafi, alhali a lokacin ne take kisa. Ita ce sanadin mutuwar da yawa daga masu shiga rami don yashewa, da waɗanda ke bin su don ceto. Akwai kuma metan, wadda ba ta da wari amma tana kama wuta, shi ya sa ba a leƙa ramin masai da ashana ko aci-balbal.

Ƙofar ruwan nan takan buɗe ta hanyoyi uku. Na farko, idan ba a sa ta ba tun asali. Sau da yawa masai yana da gwiwa, amma magudanar daɓe an haɗa ta da rami a miƙe, kuma ta nan ne wari da kyankyaso ke shigowa. Na biyu bushewa: idan aka yi tafiya aka rufe ɗaki makonni, musamman da hunturu, ruwan gwiwar yakan ƙafe. Zuba ruwa da ɗan cokalin man girki a kai kafin tafiya yana rage ƙafewar. Na uku zuƙewa: idan ruwa mai yawa ya gangara cikin bututu, yakan ja iskar da ke bayansa, jan kuma ya tsotse ruwan gwiwar, sai a ji masai yana gurnani. Maganin wannan shi ne bututun numfashi, wanda ake haɗawa da babban bututu a waje, a miƙe shi ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Yana shigar da iska lokacin da ake bukata, yana kuma fitar da ta rami can sama. Irin wannan bututu ne ginshiƙin masai mai numfashi da Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe a shekarun 1970.

Babban bututun da ke kai najasa rami mai inci 4 ne, wato santimita 10, kuma ana gangarar da shi santimita 2.5 a kowace mita. Ke nan idan nisan mita 6 ne, bakin da ke rami zai yi ƙasa da na banɗaki da santimita 15. Duk inda bututun ya yi kwana a gina ɗan akwati mai murfi, domin nan ne toshewa ke faruwa.

Lissafin Ruwa

Kafin a sayi masai, ya kamata a tambayi inda ruwansa zai fito. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, ga kuma ta Kusalla. Duk da haka, gidaje da yawa a yankin da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Tsofaffin masai na zama masu tanki suna zubar da lita 9 ko fiye a kowace kora, na zamani kuma kimanin lita 6. Idan mutum 4 suna amfani da banɗakin, kowa sau 5 a rana, mai lita 9 zai ci lita 180, wato fiye da jarka 7 masu lita 25, ban da wanka da alwala. Masai na tsuguno mai ƙaramar gwiwa yana koruwa da lita 2 zuwa 3, ke nan lita 40 zuwa 60 a rana. Masai mai tanki a gidan da ba ruwa ya fi masai na gargajiya zama matsala, domin abin da ba a kora ba a cikin ɗaki yake kwana. Sai dai ga tsoho ko mai ciwon gwiwa na zama ya fi sauƙi, kuma shi ma ana iya kora shi da bokiti.

Daga Rami Zuwa Rijiya

Wannan shi ne zangon da ba a gani, kuma shi ne mafi haɗari. Tsarin da ya dace rami biyu ne. Na farko tanki ne da aka gina da bulo aka shafe shi ciki da siminti don kada ya yi yoyo. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya fara gina irinsa wajen shekarar 1860, ya yi rajistarsa a 1881. A cikin tankin najasa takan rabu kashi uku: mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ba sa bukatar iskar oksijin suna cin abin da ya kwanta suna rage yawansa. Duk da haka kowane mutum yakan bar laka lita 25 zuwa 40 a shekara, don haka sai an riƙa kwashewa bayan 'yan shekaru. Ruwan tsakiyar ne ke wucewa rami na biyu, wato sokawe, inda yake tsiyaya cikin ƙasa.

Ruwan da ke shiga sokawe bai tsarkaka ba. Yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da sauransu, idan akwai mai su a gidan. Ƙasa ce ke tace shi. Yayin da yake ratsa busasshiyar ƙasa a hankali, ƙwayoyin cutar suna maƙalewa, wasu su mutu, wasu ƙananan halittun ƙasa su cinye su. Amma da zarar ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa, tacewar ta ragu, kuma zai bi wannan ruwa duk inda ya nufa. Saboda haka masana tsabtar muhalli suka ba da ma'auni biyu: gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, kuma tsakanin rami da rijiya a samu aƙalla mita 30, ramin yana ta gangare.

Yanayin ƙasar Ƙaraye da Rogo ya sa wannan ma'auni ya ƙara muhimmanci. Yammacin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, kuma ruwan rijiyoyi yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagoginsa. Ruwan da ya samu tsagar dutse yana tafiya da sauri ba tare da tacewa ba. Har ila yau, zurfin ruwan yana sauyawa da lokaci. Rijiyar da ake ƙara wa guga igiya a watan Afrilu, a ƙarshen Agusta ruwanta yakan taso sosai, musamman kusa da fadama. Ramin da aka haƙa da rani aka ga busasshe ne, da damina yana iya zama cikin ruwan da ake sha. Don haka ma'aunin da za a yi aiki da shi shi ne na ƙarshen damina. Mafi munin kuskure kuwa shi ne mai da tsohuwar rijiya sokawe, domin hakan zuba najasa ne kai tsaye cikin ruwan unguwa.

Tarihi ya nuna inda irin wannan ke kai wa. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin najasar wani gida yana yoyo ƙasa da mita 1 daga rijiyar. A Nijeriya, a shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A cikin gari, inda gidaje ke manne da juna, mita 30 takan yi wuyar samu. A nan akwai zaɓi. Ana iya shigar da wurin wanka kaɗai cikin ɗaki, a bar masai inda yake. Ana iya gina tankin da ba ya yoyo ko kaɗan, a riƙa kwashe shi da mota. Ana kuma iya ɗaure saman rijiya da kwalbati da siminti, a yi mata daɓe da murfi, sannan a riƙa tafasa ruwan sha ko sa masa maganin kulorin. Ko wanne aka zaɓa, magana da maƙwabci wajibi ce, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Sokawe kuma a nisanta shi da harsashin gini, mita 5 in fili ya ba da dama, a rufe shi ruf. Sauron da ke hayayyafa a ruwan ƙazanta ba shi ne mai kawo zazzaɓin cizon sauro ba, amma shi ne mai yawan hana barci.

Tururi, Lantarki da Gawayi

Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi, kuma sama take tashi. Idan ba ta samu mafita ba sai ta shiga ɗaki, ta sauke laimarta a bango da katifa da kayan sawa, funfuna ta tsiro. Ƙurar funfuna tana tayar da asma da tari. Taga a can sama kusa da rufi, da 'yar tazara a ƙasan ƙofa, sun isa su sa iska ta riƙa wucewa daga ɗaki zuwa waje. Wannan ya fi zama dole a ɗakin mai jego, inda ake wanka da ruwan zafi mai yawa safe da yamma har kwana 40.

Busasshiyar fata tana rage wucewar lantarki, jiƙaƙƙiya kuwa tana buɗe masa hanya, ga ƙafa a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, kuma ya isa ya tsayar da zuciya. Saboda haka makunnin fitila ya kasance a wajen ƙofa, kada a sa soket kusa da wurin wanka, a haɗa wayar ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zurara. Hitar da ake tsomawa a bokiti a cire ta daga soket kafin a taɓa ruwan. Haka nan kada a shiga da kaskon gawayi banɗaki don jin ɗumi da hunturu. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da kabon monoksaid, iska marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum yakan ji jiri da kasala, ya faɗi kafin ya kai ga ƙofa.

Gwaje-gwaje Don Makaranta

Malamai za su iya nuna waɗannan bayanai da kayan da ke hannu. A tsayar da guntun tubali da guntun bulon siminti a faranti mai ruwa santimita 2, ɗalibai su riƙa auna hawan laima kowane minti 10, sannan a maimaita da leda tsakanin guntaye biyu da aka ɗora kan juna. A samo farin tiyo irin na magina a lanƙwasa shi, a zuba ruwa a gwiwar, a sa yankakkiyar albasa a baki ɗaya a shinshina ɗayan, da ruwa da kuma babu ruwa. A haƙa ramuka masu santimita 30 faɗi da zurfi a jar ƙasa da ƙasar fadama, a jiƙa su su kwana, a cika da ruwa a auna saurin tsiyayewa. Mafi amfani duka shi ne kowane ɗalibi ya auna zurfin ruwan rijiyar gidansu a Afrilu da Satumba, ya kuma auna nisanta da masai mafi kusa. Idan aji guda ya haɗa sakamakonsa, zai samu taswirar da za ta amfani unguwa baki ɗaya.

Kammalawa

Banɗaki a cikin ɗaki yana kawo sauƙi na gaske, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya da masu jego. Amma nisan da tsarin gargajiya ya yi amfani da shi wajen kare lafiya, dole a maye gurbinsa da wasu abubuwa: leda a kan harsashi, gangara a daɓe, gwiwa a kowace magudana, bututun numfashi, taga, da tazara tsakanin rami da rijiya. Kusan dukkansu ba a ganin su bayan an gama aiki, shi ya sa su ake fara tsallakewa idan kuɗi ya gaza, alhali kuwa gyaransu daga baya sai an fasa abin da aka gina. Mai gidan da kuɗinsa bai kai ba, gara ya jinkirta tayil da fenti zuwa kaka mai zuwa, ya fara kashe abin da ke hannunsa a kan abin da za a binne a ƙasa.